Tambaya da Amsa: Ta Yaya Mai Bincike Ke Gane Gaskiyar Abu?

Wasiƙun wannan watan sun zo ne daga aji, daga gona, daga cikin gida da kuma ɗakin gwaje-gwaje, amma kusan duk abu ɗaya suke nema: idan aka ce abu kaza ne ya jawo abu kaza, ta yaya za a tabbatar? Mun zaɓo biyar.

Assalamu alaikum. Ina aji biyar a sakandare. An ba mu matakan binciken kimiyya mu haddace: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako. Na haddace, amma ban ga yadda suke aiki ba. Da gaske haka masu bincike suke binsu ɗaya bayan ɗaya? — Wata ɗaliba daga Katsina

Wa'alaikumus salam, 'yarmu. Matakan da aka ba ki daidai ne, sai dai a wurin aiki ba sa zuwa a jere kamar 'ya'yan carbi. Mai bincike yakan yi gaba ya dawo baya, wani lokaci ma hasashen ne ke fara zuwa, sannan ya san abin da zai sa wa ido.

Dubi aikin likita John Snow a Landan. A zamaninsa yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska da wari ne ke kawo kwalara. Shi kuwa tun 1849 ya rubuta cewa ta baki cutar ke shiga, musamman ta ruwan da bayan gidan masu cutar ya gurɓata. A ƙarshen watan Agustan 1854 annoba ta ɓarke a unguwar Soho, cikin kwana goma ta kashe fiye da mutum 500. Snow ya karɓo jerin waɗanda suka rasu, ya bi gida-gida, ya ga mace-macen sun taru kewaye da wani famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad.

Da ya tsaya nan, da bai tabbatar da komai ba, domin masu cewa iska ce za su ce ai iskar wurin ce ta lalace. Abin da ya mai da zatonsa hasashen kimiyya shi ne ya faɗi abin da dole a gani idan yana da gaskiya: wanda ke zaune a unguwar amma ba ya shan ruwan famfon ya kamata ya tsira, wanda ke nesa amma yana sha ya kamata ya kamu. Idan aka duba aka ga akasin haka, maganarsa ta faɗi. Sai ya tafi neman waɗannan mutanen. Akwai gidan ajiye matalauta a tsakiyar unguwar mai mutum 535, yana da rijiyarsa, biyar kaɗai suka rasu. Akwai masana'antar giya a kan titin mai ma'aikata fiye da 70, ba sa shan ruwan famfon, ba wanda ya rasu. Sannan ga wata dattijuwa can Hampstead, nesa da wurin, wadda ake kai mata ruwan famfon a kwalba saboda tana son ɗanɗanonsa. Ta kamu ta rasu, alhali unguwarta lafiya lau.

Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Sau da yawa nan ake tsayar da labarin, a ce da cirewa sai annoba ta tsaya, to wannan ba hujja ba ce, kuma Snow da kansa ya faɗi cewa cutar ta riga ta fara lafawa domin mutane sun gudu daga unguwar. Hujjarsa mafi ƙarfi daga kudancin birnin ta fito, inda kamfanoni biyu ke sayar wa gidajen titi ɗaya ruwa. Ɗaya yana ɗiba daga kogin Thames a tsakiyar gari inda ƙazanta ke kwarara, ɗayan ya riga ya mai da wurin ɗibansa can sama da gari. Iska ɗaya, maƙwabta ɗaya, ruwa ne kawai ya bambanta. A mako bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 na kamfanin farko mutum 315 suka rasu, na kamfani na biyu kuwa 37.

Saboda haka idan kina karanta kowane bincike, ki nemi abu biyu kafin komai: me mai binciken ya ce zai ƙaryata shi, kuma da wa ya kwatanta.

Bara na sami buhu 14 na masara a gonata. Bana na yi amfani da wani takin ruwa da ake fesa wa ganye, na sami 19. Maƙwabcina ya ce damina ce ta yi kyau, ba takin ba. Kafin in sake kashe kuɗi, ya zan gane wa ke da gaskiya? — Wani manomi daga yankin Saminaka

Malam, da abin da ke hannunka yanzu ba wanda zai iya raba muku gardama. Tsakanin bara da bana ruwa ya canza, ranar shuka ta canza, wataƙila iri da yawan ƙwari ma sun canza. Mai yiwuwa takin ne, mai yiwuwa kuma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Hanyar ganewa ita ce ka sa masarar da aka fesa da wadda ba a fesa ba su yi damina ɗaya a gona ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba gona biyu, a fesa gabas a bar yamma. Kai ka fi kowa sanin gonarka ba ɗaya take ba: akwai gefen jigawa, akwai inda ruwa ke kwanciya, akwai gindin gawo, akwai tsohon suri, akwai inda shanu suka kwana da rani. Idan ɓangaren da ka fesa ya faɗa kan ƙasa mai ƙarfi, takin zai ci yabon da ba nasa ba.

Ga yadda za ka yi. Ka yanki ƙananan filaye 12, kowanne kunya shida mai tsawon mita shida. Idan tazarar kunyoyinka santimita 75 ce, kowane fili bai wuce murabba'in mita 27 ba, ka ga duka gwajin ɗan gefe ne na gona. Ka haɗa su biyu-biyu, kowane biyun suna maƙwabtaka a kan ƙasa iri ɗaya, ya zama tagwaye shida a sassa daban-daban na gonar. A kowane tagwaye, ƙuri'a ce za ta zaɓi wanda za a fesa: ka rubuta dama da hagu a takarda, ka nannaɗe, ka zuba a hula, yaro ya ɗauko ɗaya. Kada ka zaɓa da kanka. Mutumin da yake fatan takin ya yi aiki, ko bai yi niyya ba hannunsa zai karkata zuwa filin da ya fi tsiro mai kyau. Ka kafa turaku, ka zana taswirar a littafi tun ranar, domin nan da wata uku ba za ka tuna ba.

Daga nan komai ya zama ɗaya: iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, yawan tsiro a rami ɗaya, noma da maimai rana ɗaya, takin kamfa da yuriya awo ɗaya. Ranar feshi, wanda ƙuri'a ta ba taki ka fesa masa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin robar, ɗan'uwansa ka fesa masa tsurar ruwa daidai wannan yawan, kuma ka fara da ruwan kafin taki ya shiga tankin. Ka yi da sassafe lokacin da iska ba ta kaɗawa, ka bar kunya biyu tsakanin fili da fili don kada feshin ya tsallaka.

Wurin girbi ne gwaji ya fi lalacewa. Kada ka cire duka filin. Ka bar kunya ɗaya ta kowane gefe da rabin mita a kowane ƙarshe, domin masarar baki takan sami rana da abinci fiye da ta tsakiya, ko ta sha feshin maƙwabciya. Abin da ya rage kunya huɗu ce mai tsawon mita biyar, murabba'in mita 15 ke nan. Kowane fili da buhunsa da lambarsa, a shanya su tare, yawan kwanaki iri ɗaya, har su bushe sosai, domin ɗanyar masara nauyin ruwa take ɗauke da shi. A ɓare, a sheƙe, a auna da sikeli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ko mudun ma bai isa ba. Lissafin zai nuna maka dalili: hekta murabba'in mita 10,000 ce, don haka abin da ka auna za ka ninka sau 667. Kilo uku a ɗan filin nan buhu 20 ne masu kilo 100 a hekta, kuma bambancin giram 300 kacal, abin da cikar mudu da sakinsa za su iya ɓoyewa, buhu biyu ne. In da hali, mai awon ya zama wanda bai san buhun da aka fesa ba.

Sai karatun sakamako. Da a ce takin ba ya yin komai, a kowane tagwaye ɗaya zai ɗara ɗaya bisa dace kawai, kamar jefa kwabo. Damar a ce wanda aka fesa ya yi nasara a duka shidan bisa dace ita ce ɗaya cikin 64, don haka idan ka ga haka kana da dalilin yarda. Idan biyar ya ci, irin wannan ko fiye yakan faru bisa dace kusan sau ɗaya cikin tara, alama ce amma ba ta kai a rantse ba. Huɗu da biyu kuwa ba ta ce komai ba. Wannan ne ya sa muka ce shida: da tagwaye huɗu ne, ko duka ya ci, damar dace ɗaya ce cikin 16, alhali masu bincike sun saba neman abin da bai kai ɗaya cikin 20 ba.

Wannan tsari na maimaitawa da ƙuri'a Ronald Fisher ne ya kafa shi a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila a shekarun 1920, kuma irinsa ake bi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kafin a saki sabon iri, a wurare da dama kuma fiye da damina ɗaya. Kai ma ka sake a damina ta biyu. Kuma ko takin ya ci gwaji, ka cire kuɗinsa da ladan mai feshi daga kuɗin ƙarin masarar ka ga abin da ya saura.

Mura da zazzaɓi sun kama ni, na sha wani jiƙo kwana huɗu na warke sarai. Da na faɗa wa ƙanena da ke karatun likita sai ya ce wannan ba hujja ba ce. Ni da na sha na ji a jikina, wace hujja kuma ake nema? — Wata uwargida daga Maraɗi

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ba wanda ya ce ba ki warke ba, kuma ba wanda ya ce jiƙon ba shi da amfani. Abin da ba a sani ba shi ne yadda za ki kasance da ba ki sha ba. Mura takan tafi da kanta cikin mako guda zuwa kwana goma. Kuma mutum yakan nemi magani ne ranar da ciwo ya fi tsanani, wato daidai lokacin da zai fara sauka, sai abin da aka sha a ranar ya ɗauki yabo. Ga kuma natsuwar da mutum ke samu idan ya yarda da abin da ya sha, wadda takan rage jin ciwo da gaske ko da ba ta taɓa ƙwayar cutar ba.

Magungunan asibiti ma ta wannan ƙofar suke bi. A 1948 aka wallafa gwajin allurar streptomycin kan tarin fuka a Birtaniya. Marasa lafiya 107 ne, masu shekara 15 zuwa 30, cutar ta kama huhunsu biyu. Maganin ya yi ƙaranci a lokacin, ba zai isa kowa ba, sai aka raba ta hanyar ƙuri'a da aka rufe a ambulan, yadda likita ba zai iya tura wanda ya ga dama ba. Mutum 55 suka sami allura da hutun gado, 52 hutun gado kaɗai, wanda shi ne kulawar da ake da ita a zamanin. Likitocin da suka duba hotunan ƙirji ba a gaya musu wa ya sami me ba. Bayan wata shida, huɗu suka rasu cikin masu allura, 14 cikin ɗaya rukunin. Ki lura da abu ɗaya: cikin waɗanda ba a yi wa allura ba akwai waɗanda suka sami sauƙi. Da wani ya ba su jiƙo, da sun rantse shi ne. Gwajin kuma ya tona abin da mai shan magani shi kaɗai ba zai taɓa gani ba, cewa ƙwayar cutar tana saurin sabawa da allurar, dalilin da ya sa har yau ake haɗa magunguna da yawa wa mai tarin fuka.

Kuma kada ki ɗauka hanyar nan gaba take da itatuwa. Maganin maleriya da ake bayarwa yau a asibitocinmu tushensa wani ganye ne dangin tazargade da Sinawa suka daɗe suna jiƙawa. Tu Youyou da abokan aikinta sun gwada ɗaruruwan jiƙe-jiƙe a kan ɓeraye. Ganyen nan wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi, har ta yi hasashen cewa tafasawa ce ke kashe sinadarin. Ta canza abu ɗaya, ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, kuma a 1971 samfuri na 191 ya kawar da ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin dabbobin gwaji. Ta sami kyautar Nobel a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da shayin ganyen ba, domin yawan sinadarin yana bambanta daga ganye zuwa ganye, kuma shan abin da bai kai kima ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani. Idan zazzaɓi ya dawo, musamman ga yaro ko mai juna biyu, a fara da gwajin jini.

Wannan hanyar bincike ba ta Turawa ba ce kawai? — Wani malamin Islamiyya daga Kumasi

Allah ya gafarta Malam, hannaye da yawa ne suka gina ta. Hasan bn Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu da ke da 'yar ƙofa guda. Kowace fitila ta jefa nata ɗigon haske a bangon ciki. Ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace; ya buɗe, ya dawo. Da haka ya nuna haske a miƙe yake tafiya, kuma hasken fitilun ba ya cakuɗewa a ƙofar. Canza abu ɗaya, barin sauran yadda suke, da bayyana yadda aka yi don wani ya maimaita, shi ne dai abin da muka ba manomin Saminaka shawara a sama.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a. Na gwada ruwan ganyen darbejiya a kan wasu ƙwayoyin bakteriya, ban ga ya hana su tsiro ba, alhali ayyukan da na karanta sun ce yana hanawa. Abokaina sun ce in ɗan gyara alƙaluman kada a ce aikina ya lalace. — Wani ɗalibi daga Zariya

Ɗan'uwa, kada ka taɓa alƙaluman nan. Ƙarya ce, kuma wanda zai zo bayanka zai ɓata shekara yana neman abin da babu.

Abin yi shi ne ka gano ko ganyen ne bai yi aiki ba ko gwajin ne. A kowane farantin da ake renon ƙwayoyin a ciki ya kamata a sami shaidu biyu. Na farko maganin da aka san yana kashe wannan ƙwayar, kamar ciprofloxacin idan ƙwayar ba ta jure masa. Idan shi ma bai buɗe fili kewaye da shi ba, wato wurin da ƙwayoyin suka kasa tsiro, matsalar daga wurinka take. Na biyu tsurar ruwan da ka narkar da garin ganyen a ciki. Idan shi kaɗai ya buɗe fili, to duk abin da ka gani ba na ganye ba ne, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa wasu ayyukan ɗalibai su ba da sakamako mai kyau fiye da kima.

Sai ka bi sauran ɗaya-ɗaya. Kaurin abincin ƙwayoyin a faranti kimanin milimita huɗu ake so. Idan ya yi kauri filin zai tsuke. Yawan ƙwayoyin da ka shafa ya dace da McFarland 0.5, wato ma'aunin da ake kimanta yawan ƙwayoyi a cikin ruwa da shi, idan suka yi yawa za su rinjayi maganin. Na'urar ɗumi ta tsaya a digiri 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24, don haka ka tambaya ko an ɗauke wuta da dare. Ka duba yadda ka busar da ganyen, a inuwa ko a rana, da nawa ka auna a kowace mililita, domin wanda ya tatsa da ethanol da wanda ya jiƙa a ruwa ba abu ɗaya suka gwada ba. Ka maimaita kowane ƙarfi aƙalla sau uku, ka auna faɗin fili da milimita.

Idan duk wannan ya daidaita kuma har yanzu babu fili, ka sami sakamako. A Garki, da ke jihar Jigawa a yau, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi bincike daga 1969 zuwa 1976 don ganin ko feshin ɗakuna da raba wa jama'a magani za su katse yaɗuwar maleriya. Sai da suka shafe kimanin shekara ɗaya da rabi suna ƙirga sauro da duba jinin mutane kafin su fesa komai, suka kuma bar wasu ƙauyuka don kwatance. Cutar ta ragu ƙwarai inda aka haɗa feshi da magani, amma ba ta katse ba, kuma da aka daina ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron a waje yake hutawa bayan ya yi cizo, ba ya sauka a bangon da aka fesa. Ba abin da aka yi fata ba ke nan, amma haka suka wallafa shi a 1980, kuma har yau masu lissafin yaɗuwar maleriya suna aiki da alƙaluman Garki.

Ka kai wa malamin da ke duba aikinka littafin awonka da hotunan farantan. A babin sakamako ka rubuta daidai abin da ka gwada: ganyen daga ina, an tatsa da me, a wane ƙarfi, a kan wace ƙwaya, faɗin filin da maganin kwatance ya buɗe, da cewa ruwan ganyen bai buɗe ba. A babin tattaunawa ka jera inda hanyarka ta bambanta da ta waɗanda ka karanta, ka faɗi wanne daga ciki ya kamata a fara gwadawa nan gaba.